Kukan wayar wani ya jawo mini asarar jika takwas

Maman Nana:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana, don Allah kar a yi mini dariya. Ranar Juma'ar da ta wuce ina rumfata a babbar kasuwar Maradi, ina auna wa wata mata yadi, sai wayar wani mai baro ta yi kuka a bayana. Irin kukan nan na tsohuwar Nokia 'yar ƙarama. Wallahi ban san sa'ad da almakashi ya suɓuce daga hannuna ba. Ƙafafuna suka yi sanyi, bakina ya bushe, ƙirjina kamar an aza mini turmi. Matar ta miƙo jika biyu, ni kuwa na ƙirga mata canjin jika goma. Ta karɓa ta yi gaba. Sai da yamma da na zauna lissafi na ga ramin jika takwas.

Da irin wannan kukan aka tashe ni ƙarfe 3 na dare, yau shekara biyu da wata huɗu, aka ce Inna ta cika. Wayar ma tun sadakar bakwai na ba da ita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba tunanin Inna nake ba a lokacin, lissafin yadi shida nake. Kuma in na zauna da kaina na tuna ta na yi mata addu'a, lafiya lau, har dariya nake in na tuno faɗanta. Amma in abin ya zo da kansa, sai ya ɗauke ni ɗungurungum. Haka warin man zafi, don shi nake shafa mata a gwiwa kowane dare. Ko a adaidaita na ji shi jikin wani, sai in wuce inda zan sauka.

Maigida ya ce rashin tawakkali ne. Abokiyar zamana ta ce iska ce. Ni dai ban sani ba. Akwai wanda irin wannan ke samu?

'Yar Tibiri:
Ayya ɗiyata, Allah shi jiƙan Inna, shi sa ta huta. Ni dai ina ganin abokiyar zamanki ba ta yi ƙarya ba. Kasuwa ba mutane kaɗai ka cin ta ba. Sanyin ƙafa da nauyin ƙirji, mu nan mun san ko mine ne. Ki nemi hayaƙi, kuma ki bar zama rumfa har almuru.

Baban Sadiya:
Allah ya jiƙan musulmi. Amma Hajiya gaskiya ɗaya ce, hankalinki ne ba ki tara ba. Iyayenmu sun binne 'ya'ya uku, huɗu, washegari suka saɓa hauya suka tafi gona. Ba su san wani kukan waya ba. Mu ne yanzu kowane abu sai mun sa masa suna.

Ɗan Kabu-kabu:
Baban Sadiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Bara na ɗauko wani yaro ɗan lekol, mun kusa fita hanyar Ɗan Isa, wata tirela ta taka birki a gabanmu, na kauce, muka zube. Ni ƙujewa kawai na yi, yaron ya karye a cinya. Ya warke, har ƙwallo yake bugawa. Ni ne ban warke ba. Yanzu ko ina nake, in na ji tsakin nan na birkin iska, tsssh, hannuna da kansa yake damƙe birki. Rannan saura kaɗan wata adaidaita ta hau ni ta baya, alhali tirelar tana can tsaye gefen gudron, ba ta ma tafiya. Kuma wurin da muka faɗi, ban sake bi ba. In fasinja ya ce can za shi, sai in ce ba ni da mai. Dala ɗari nan, dala ɗari can, ku lissafa a wata.

Kawu na Bagalam:
Baban Sadiya, yaro man kaza. Kai ka ga iyayen namu da idonka ko labari anka ba ka? Ni na zamna da su. Ubana shina cikin waɗanda ruwan 1945 ya tasa daga tsohon gari cikin fadama, anka hau tudu. Har ya bar duniya, in damana ta yi tsakiya Gulbi ya kawo, ba ya kwana cikin ɗaki. Sai shi ɗauko tabarma shi zamna bakin zaure da fitila, shina sauraren dare. In ka tambaye shi, shi ce zafi. Zafi cikin watan Agusta, ana ruwa!

Ni kaina da nike maka magana, na ga yunwar 'yar Buhari a 1984. Mun ci jar dawar taimako har ta fita ranmu. Yau shekara nawa? In anka tuƙa tuwon jar dawa gidana, tun daga ƙofa in na ji warin, cikina shi ɗaure. Ba ni ci. Kuma ban iya ganin rumbu ya yi rabi, sai in kama faɗa da kowa, mata su rasa mi sunka yi. Ɗiyana na ce mini marowaci. Sun binne ɗiya sun tafi gona, gaskiya ne. Amma kai ba ka ga wadda ta bar cin miyar da ɗanta ke so har ta mutu ba. Ba su faɗi ne kawai.

Baban Sadiya:
Allah ya huci zuciyar Kawu. Ban ce ba su ji ciwo ba. Cewa na yi sun daure.

Majo Mai Ritaya:
Hajiya Maman Nana, Allah ya gafarta wa Inna. Na yi shekaru ina aikin likita, kuma abin da kika lissafa, sanyin ƙafa, bushewar baki, nauyin ƙirji, duk na san su. Bari in faɗi yadda abin yake a jiki, kowa ya auna.

Cikin ƙwaƙwalwa, can ciki ta wajen kunnuwa, akwai wasu 'yan curi biyu, dama da hagu, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa mai girma ba. Sunansu amigdala. Aikinsu su riƙe duk abin da ya zo tare da tashin hankali: ƙara, wari, wuri, fuskar mutum. Kusa da su akwai wani sashe, hipokampus, shi ke riƙe labarin da tsari, wato yaushe abin ya faru, a ina, me ya biyo baya. Matsalar ita ce amigdala ta fi sauri. Kamar zabuwa take a cikin gida. Inuwa ta gifta, ta fasa kuka, ba ta tsaya ta duba ko shaho ne ko leda ce iska ta ɗauko ba. Kafin sashen da ke tunani ya ce ai wayar mai baro ce, ita ta riga ta ba da umarni an zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu. Jijiyoyin jini na fata su tsuke don jini ya tafi manyan tsokoki, shi ya sa hannu da ƙafa ke sanyi. Yawu ya tsaya, baki ya bushe. Jiki ya shirya gudu ko kokawa, ba lissafin canji ba. Sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke riƙe lamba yana juya ta, shi ne ke fara rauni a irin wannan hali. Don haka jika biyu ta koma jika goma.

Batun man zafi kuwa, wari yana da gajeriyar hanya. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, sai sun fara yada zango a wata tasha cikin ƙwaƙwalwa. Na hanci yana isa unguwar amigdala kusan kai tsaye. Shi ya sa tuwon Kawu ke ɗaure masa ciki tun daga ƙofa.

Hausawa sun riga mu sani: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba su ce wawa ba ne. Ya san tsumma ne, ƙafarsa ce ba ta jira shi ba.

'Yar Tibiri:
Majo, kai ka taɓa ganin wagga gyaɗa da idonka? Ku likitoci komi sai ku ce jini. Akwai abin da allura ba ta kai wa.

Majo Mai Ritaya:
Inna, ana ganin ta ƙwarai, a hoton ƙwaƙwalwa. Ban zo musun abin da ban gani ba. Tambaya ɗaya dai zan yi: wace irin iska ce ba ta tashi sai ta ji kukan Nokia, ta ƙyale na Tecno da Itel?

Ɗan Kabu-kabu:
Hahaha Majo ka kashe ni.

'Yar Tibiri:
Ku yi ta dariya. Ni na faɗi tawa.

Almajirin Limanci:
Ina neman afuwa, ina karantawa tun ɗazu. Maganar da ta tsaya mini ita ce ta maigidan Hajiya da ta Baban Sadiya, cewa rashin tawakkali ne. A yi hattara da wannan hukunci.

Ya zo a Buhari da Muslim daga Nana A'isha cewa Hala 'yar Huwailid, 'yar'uwar Nana Hadiza, ta zo ta nemi izinin shiga wurin Manzon Allah (SAW). Da ya ji yadda ta nemi izinin, sai ya tuna irin na Hadiza, jikinsa ya motsa, ya ce Allahumma Hala. Wannan bayan rasuwar Nana Hadiza da shekaru. Murya ce kawai daga bakin ƙofa. Me ya raba wannan da kukan waya?

Na biyu ya fi nauyi. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu shekara ta 3 bayan hijira, ya musulunta daga baya, ya zo gaban Annabi (SAW). An karɓi musuluncinsa, ba a kama shi da komai ba. Amma Annabi ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Yana cikin Buhari. Wa ya kai shi tawakkali? Wa ya kai shi yafiya? Duk da haka fuskar tana tayar masa da abin da take tayarwa.

Annabi Yakubu kuma, a cikin suratu Yusuf, ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Biyun suna tare a sura ɗaya. A aya ta 94 ma ƙamshin ɗansa ya ce yana ji tun ayari na kan hanya. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da faɗin maganar da ba ta dace ba ga Ubangiji. Hajiya ba ta yi ko ɗaya ba. Almakashi ne ya faɗi.

Baban Sadiya:
Allah gafarta Malam, na ji, na kuma karɓa. Amma har yanzu ina da ja a wuri guda. In mutum ya ga tunanin ya taso, ai sai ya kore shi. Ya ce a'uzu billahi, ya ce wa ransa kar ka sake tuna wannan. Sakaci ne ke sa abu ya zauna.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, da izininka. Wannan da ka faɗa an gwada shi, kuma sakamakon ya zo a juye. A 1987 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ce minti 5 kar su tuna farar beyar, dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara, in kuwa ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su aka ce yanzu ku tuna ta, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tuna ta. Dalilin shi ne, in ka ce kar in tuna kaza, dole wani ɓangare na hankalinka ya tsaya gadi yana leƙe ko kazan ya zo, kuma leƙen nan shi kansa tunawa ne. Gwada yanzu: kar ka tuna farin raƙumi.

Ta'awwuzi daban ne, Malam zai fi ni bayani. Neman tsari ne, ba kokawa da tunani ba.

Akwai kuma wani labari da ya dace da na Yaya mai kabu-kabu. A 1911 wani likita a Jeneba ta ƙasar Suwizalan, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata majinyaciya da ciwo ya lalata mata riƙe sabon abu. Kullum ya shigo sai ya sake gaya mata ko shi wane ne. Wata rana ya ɓoye tsinken allura tsakanin yatsunsa, da suka gaisa ya soke ta. Ba a jima ba ta manta da abin ɗungum. Amma da ya sake miƙo hannu, ta janye nata. Ya tambaye ta dalili, ba ta san ya taɓa soke ta ba, sai kame-kame take, wai wani lokaci mutane kan ɓoye allura a hannu. Labarin ya ɓace, tsoron ya zauna. Kamar baban Kawu da ya ce zafi.

Kawu na Bagalam:
Wanga likita mugu ne. Amma ɗiyata kin yi gaskiya, haka tsoho yake.

Baban Sadiya:
Raƙumin nan ya ƙi fita kaina, Allah ya isa.

Mushe:
Ni malamin firamare ne, kuma wannan magana ta sa na ji kunyar kaina. Bayan ruwan ƙarshen watan Agusta 2024 da ya rushe gidaje a garin nan, da aka koma lekol akwai wata yarinya a ajina, mai ƙoƙari ce ƙwarai. Sai na lura duk sa'ad da iska ta buga kwanon aji, ko gari ya ɗan lumshe, ta bar allo ke nan. Alli a hannu, ido a taga. In kira sunanta sau uku ba ta ji ba. Na yi mata tsawa, har na taɓa sa ta durƙuso. Sai daga baya yayarta ta gaya mini katangar ɗakinsu ce ta faɗi a daren, da ƙyar aka jawo ƙanensu. Yarinyar jikinta na aji, kunnenta na wajen sama. Ni kuma na rubuta mata rashin maida hankali a takardar sakamako.

Abin haushin, ni ma ina da nawa. Gobarar 8 ga Nuwamba 2021, da azuzuwan zana suka kama da wuta yara fiye da 20 suka rasu, ba a makarantarmu aka yi ba. Na isa wurin ne bayan an kashe wutar, kamar sauran jama'a. Warin kawai na shaƙa. Tun daga ranar, in ana ƙona shara ko karan gona iska ta kawo hayaƙin cikin aji, sai in tsinci kaina ina ƙirga kawunan yara. Ina tsakiyar bayanin rabawa, bakina na magana, idona na ƙirga. In na kai ƙarshe in sake daga farko. Yara sun gane, har wani ya taɓa ce mini, Mushe mun cika.

Maman Nana:
Innalillahi. Mushe ka sa ni hawaye. Allah ya jiƙan yaran nan.

Almajirin Limanci:
Amin. Kuma batun ɗaukewar hankali, shari'a ta san da shi. Hadisi ya zo cewa Shaiɗan na zuwa wa mai salla yana ce masa tuna kaza, tuna kaza, abin da da bai tuna ba, har ya rasa raka'a nawa ya yi. Ba a ce sallarsa ta ɓaci ba, aka ba shi ƙabli da ba'adi ya gyara. In an yi wa mai salla uzuri, yarinyar Mushe ta fi cancanta.

Ɗan Maradi a Kwatano:
Ku bar ni in ɗan sassauta zaman makokin nan. Ba duka ne masu ciwo ba fa. Ni nan bakin teku, rannan na wuce wata mata tana suyar gyaɗa cikin yashi. Wallahi sai ga ni a ƙofar gidanmu a Mokoyo, ina ɗan shekara bakwai, kakata na kaɗa ni da mafici don na saci ta zafi. Na tsaya kamar gunki har mai mota ya yi mini oda. Daren nan sai da na kira gida na yi awa guda, na kuma aika kuɗin da ban yi niyya ba. Ƙannena su gode wa mai gyaɗa.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, naka ne ma ya fi yawa a wurin mutane. Wata farfesa a jami'ar Aarhus ta ƙasar Danmak, Dorthe Berntsen, tun shekarun 1990 take sa mutane suna rubuta irin tunanin da ke faɗo musu ba su nema ba. Ta gano abu ne na yau da kullum ga kowa, masu daɗi sun fi marasa daɗi yawa, kuma galibi wani abu ne a wurin ke jawo su, ƙara ko wari ko wata kalma. Sun fi zuwa lokacin da hankali ke sake, kamar ana wanke-wanke ko ana tafiya. Hanya ɗaya ce ke kawo kakar Yaya da kuma daren Maman Nana. Kayan da ta ɗauko ne suka bambanta.

Ɗan Kabu-kabu:
To ni yanzu mafita nake so. Abokaina na fada cewa suke in sha tramol ƙwaya ɗaya da safe, wai tsoro zai tafi.

Majo Mai Ritaya:
Ƙanena, kar ka soma. Tramol maganin ciwo ne mai kama mutum, in ya yi yawa har farfaɗiya yake kawowa, kai kuma kana bisa babur da ran wani a bayanka. Tsoron yana nan, ka ƙara masa jaraba. Haka maganin barcin da ake saya wurin masu tallan magani a faranti.

Abin da ke riƙe tsoronka da rai shi ne kaucewar da kake yi. Duk ranar da ka ce ba ka da mai, ka ji sanyi a ranka, zabuwar nan sai ta ɗauka kaucewar ce ta cece ka. Ba ka taɓa ba ta damar ganin an bi wurin an fita lafiya ba. Masu maganin irin wannan ciwo abin da suke yi ke nan, su mayar da mutum kusa da abin a hankali, mataki mataki. Ka fara zuwa da ƙafa ka tsaya nesa. Zuciya za ta buga, ka bar ta ta buga, ka ja numfashi a hankali, kar ka tafi sai ta lafa da kanta. Gobe ka matsa. Jibi ka bi da babur ba fasinja, lokacin da hanya ba cunkoso.

Ɗan Kabu-kabu:
Amma Majo tsaya. Yanzu Malam ya ce Annabi (SAW) cewa ya yi Wahshi ya kau da fuskarsa. Ke nan kaucewa ba laifi ba ce. Me ya sa ni za a ce in koma?

Almajirin Limanci:
Tambaya mai kyau. Ni abin da na kawo hadisin dominsa shi ne a san jin abin ba tawayar imani ba ne. Ban ce hukunci ne a kan hanyar Ɗan Isa ba.

Majo Mai Ritaya:
Kuma ka duba abin da kaucewar ke ci maka. Kawu ya bar tuwon jar dawa, ga na hatsi, ga na masara, bai rasa komai ba, ba wanda zai ce ya koma. Kai kuwa hanyar abincinka ce, kuma abin yaɗuwa yake: da wuri ɗaya ne, yanzu kowace tirela ce, har wadda ke tsaye. Maman Nana ba za ta hana wayoyin kasuwa kuka ba. Wanda za ka iya rayuwa ba shi, bar shi. Wanda ya tare maka ƙofa, dole a san yadda aka yi da shi.

Wani abu kuma, don kar a ce Majo ya ce kowa ya yi maganin kansa. In abin ya wuce wata guda yana hana barci, ana mugayen mafarkai, mutum na zabura da ƙaramin motsi, ko yana ganin abin kamar yanzu yake faruwa, ko ya kasa aikinsa, wannan ciwo ne mai suna a littafin likita, kuma ana maganinsa. Baƙin cikin rashi ma da ya zarce wata 6 yana hana mutum rayuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da ya fara aiki a 2022. A je likita a nemi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai mutum ya fara tsince-tsince a bola ba. Wanda kuma ya ga kisa ko ya faɗa hannun 'yan bindiga, kamar 'yan'uwanmu na wajen Madarunfa da Gidan Runji, kar ya ce zai gwada wannan shi kaɗai. Mushe, yarinyar nan a gaya wa iyayenta.

Mushe:
In sha Allah. Ta wuce ajina, amma na san gidansu.

'Yar Tibiri:
To ku je likitan. Amma hayaƙin ma ba ya hana komi.

Maman Nana:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na karanta wa maigida abin da Malam ya rubuta. Bai ce komai ba, sai can ya ce shi ma tun rasuwar babansa ba ya son jin ana jan turmi a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa sani ba.

Yau da hantsi na sa Nana ta nemo kukan a wayarta. Na zauna bisa tabarma na ce ta kunna can ƙasa-ƙasa. Na farko sai da na riƙe ƙofa. Na ce ta kashe, sai na tuna Majo ya ce a bari ta lafa, na ce ta bar shi. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar rasuwar don ina ta hidimar baƙi. Sau huɗu muka yi. Na huɗun ƙafata ta yi sanyi amma na iya ce wa Nana ta duba wake kar ya ƙone. Ya riga ya ƙone. Man zafi kam ban shirya ba tukuna.

Matar canji kuma ba ta dawo ba. Doguwa ce, da koren hijabi, in wani ya san ta.

Baban Sadiya:
Rabin matan Maradi ke nan, Hajiya.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni ma gobe bayan asuba zan je, kafin tireloli su tashi. Kawu, ko za ka raka ni? In zo Bagalam in ɗauke ka, kyauta.

Kawu na Bagalam:
Ni? Bayan babur ɗin wanda ka damƙe birki in mota ta yi tsaki? Tafi da Baban Sadiya, shi da ya iya daurewa.